Asusun kakanni: garkuwar gida lokacin damina

A garuruwanmu na gundumar Madarumfa, da an gama girbi sai samari su tafi cin rani Jibiya, Katsina ko Kano. Wa ake bari da gida? Sau da yawa kakanni ne. Su ke ciyar da jikoki, su ke goya su zuwa gidan likita. Amma ƙarfin tsoho yana raguwa, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Darasinmu na yau yana nuna yadda asusu yake rage masu wannan nauyi.

Mafarin abin

Adashi tsohuwar al'adarmu ce. A shekarar 1991, ƙungiyar CARE ta ɗora sabon tsari a kansa, nan cikin jihar Maraɗi. Aka sa masa suna Mata Masu Dubara. Mata suna taruwa sau ɗaya a mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Mai bukata ta ɗauki rance, ta yi sana'a, ta biya. In wa'adi ya cika, a fasa asusu a raba. Daga Maraɗi wannan dubara ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka.

Tsufa ba ya hana shiga asusu. Dattijuwa ta san halin kowa a gari, ana kuma jin kunyarta. In rigima ta taso kan bashi, ita ke sasantawa.

Mu yi lissafi

Ga misali. Mata 25 sun haɗu. Kowa tana zuba dala 20 a mako. Kuɗin mako ɗaya ya zama jika 2 da rabi. A mako 40 an tara jika 100.

Da rance daga wannan kuɗi, tsohuwa tana iya saro zogale daga lambunan Jiratawa ta yi kwaɗo, ko ta yi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko ta turke ɗan akuya. Duk ana yin su a zaune cikin gida.

Akwatin lafiya

Lokacin da ya fi tsanani shi ne tsakiyar damina. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa. A lokacin ne zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke kama yara. Ba mu manta da abin da muka gani a shekarar 2005 ba.

Don haka muna ba da shawara a ware akwati na biyu, na lafiya kaɗai. In mata 25 ɗin nan suka ƙara dala 5 kowace a mako, a mako 40 za su sami jika 25. Kada a taɓa shi don biki ko suna. In jika ya kwanta da zafin jiki cikin dare, da shi za a biya kuɗin babur zuwa gidan likita. Ba sai an sayar da akuya da araha ba, ba sai an jira saƙo daga 'yan cin rani ba. Jinkirin kwana ɗaya yana iya kashe yaro.

Kaka ma tana bukatar kulawa

A shekarar 2006 gwamnati ta yafe kuɗin magani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Wannan mataki bai haɗa da tsofaffi ba. Ga shi kuwa hawan jini yana yawan kama mai shekaru, kuma yana daɗewa a jiki ba tare da alama ba. In an ƙyale shi, yana kawo shanyewar ɓarin jiki. In kaka ta kwanta, jikoki sun rasa mai kula da su.

Ga abin da ƙungiya za ta iya yi:

1. A riƙa zuwa tare a auna jini a gidan likita.
2. A rage gishiri da dunƙulen miya. Gishirin babban mutum a yini kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya.
3. Wadda aka ba maganin hawan jini kada ta daina sha don ta ji sauƙi.
4. Kaka da jikoki su kwana cikin gidan sauro.
5. In wata ba ta zo taro ba, a je gida a duba ta.

Namu aikin

Ƙungiyoyin farko da ka suke riƙe lissafinsu. Mu da muka yi yaƙi da jahilci, yanzu muna iya rubuta masu: sunan mai zubi, abin da ta zuba, ranar biyan rance. Dattawa maza su ma suna iya kafa nasu asusun. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi

1. Mata 20 suna zuba dala 10 kowace a mako. Nawa za su tara a mako 10?
2. Me ya sa ake raba akwatin lafiya da na sana'a?
3. A garinku, wane wata ya fi dacewa a fasa asusu?