Allon yara da ake gogewa da maɓalli

Wata wasiƙa ta zo mana daga Zariya. Wata baiwar Allah ce ta sayo wa ɗanta baƙin allon roban nan da ake rubutu a kansa da tsinke, a danna maɓalli ya goge. Tana tambaya: daga ina tawadar ke fitowa, kuma me ya sa ba a ganin rubutun da dare?

To Hajiya, mun gode. Babu ko ɗigon tawada a ciki. Tsakanin ledoji biyu akwai wani ruwa ɗan kaɗan da masana ke kira likwid kiristal, wanda wani masanin tsirrai, Friedrich Reinitzer, ya fara lura da irinsa a birnin Prague a 1888. Ƙwayoyinsa a murɗe suke jeruwa kamar tufkar igiya, kuma tsawon murɗin ne ke zaɓar launin da zai dawo wa ido. In ya matse sai a ga shuɗi, in ya saki a ga ja, tsaka-tsaki kuwa kore.

Kafin yaro ya rubuta, murɗaɗɗun jerin nan a warwatse suke, haske na wucewa baƙin bayan allon ya shanye shi. Da tsinke ya danna sai ruwan ya ɗan gusa, jerin su daidaita, su maido koren haske. Abin da ya fi burge ni shi ne sinadarin roban da aka gauraya a ciki aka daskarar, wanda ke tare ruwan kada layin ya baje. Rubutun da hasken ɗaki ya dogara, shi ya sa yake ɓacewa a duhu. Batirin kuwa sai wajen gogewa yake aiki, don haka yake daɗewa.

Kamfanin Kent Displays na jihar Ohio a Amurka ya fito da allon kasuwa a 2010 da sunan Boogie Board. Yanzu masu bincike na gwada irin wannan leda a jikin gilashin taga, ta mayar da zafin rana ta bar haske ya shigo. Wallahi wannan nake fatan ya iso mana da araha, ko don mutanenmu na Sakkwato da Maiduguri.

Af, Hajiya, in allon ya ƙi gogewa, ki fara duba ɗan makullin da ke bayansa kafin ki canza batir.