Bambancin Gani da Lura

Idan baƙo ya bi maharbi cikin dajin Birnin Gwari, wajen gaɓar kogin Mariga, sai ya ga itatuwa da ciyawa kurum, alhali maharbin ya riga ya hango kunnen gada yana motsi. Idanunsu iri ɗaya ne. Abin da ya raba su yana cikin ƙwaƙwalwa.

Malam Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya bayyana cikin Kitabul Manazir cewa gani iri biyu ne: kallon farko na ɗan lokaci, da kallo na ta'ammuli, watau wanda ake bin abu daki-daki. Binciken likitocin zamani bai saɓa masa ba. Wurin da ido ke gani sarai ɗan ƙanƙane ne, bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba idan mutum ya miƙe hannunsa. Saboda haka ido yakan yi tsalle kamar sau uku cikin kowace daƙiƙa, ƙwaƙwalwa kuwa ita ke zaɓar inda zai sauka. Wani lokaci motsi ko launi mai haske ke fizgar ido ba da son mai shi ba. Wani lokaci kuma niyya ce ke ja, sai sashen goshi na ƙwaƙwalwa ya ƙarfafa abin da ake nema, ya dushe saura.

Dushewar nan fa ba wasa ba ce. A 1999 masana biyu a Jami'ar Harvard, Simons da Chabris, suka sa mutane ƙidayar jifan ƙwallo cikin wani fim. Kusan rabinsu ba su ga mai shigar goggon biri da ya ratsa tsakiyar 'yan wasan ba. Haka direban da ya zuba ido ga ramukan hanyar Kaduna zai iya kasa ganin yaron da ke tsallakawa.

Masallaci ma bai tsira daga fizgar ido ba. Imamu Malik da Buhari sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi salla da mayafi mai zane, sa'an nan ya sa aka mayar wa Abu Jahm da shi domin zanen ya ja hankalinsa. Daga nan malamai suka karhanta yawan ado a alƙibla. Sun dai saɓa kan inda mai salla zai ajiye ido: mafi yawa suka ce wurin sujada, Malikiyya suka ce ya dubi gabansa.