Tsoron Ƙuntataccen Wuri da Yadda A Ke Shawo Kansa

Yau a filinmu na kimiyya za mu yi magana a kan wani irin tsoro wanda ya kan kama mutum mai cikakkiyar lafiya da hankali sa'ad da aka rufe shi a wuri matsattse. Da yawa daga cikinku da ke zaune a Amurka da Ingila ku kan kai 'ya'yanku manyan filayen wasanni lokacin hutun makaranta. A can a kan ga magidanci wanda ba ya tsoron dare, ba ya tsoron daji, amma da an ja masa ƙofar jirgin wasa an rufe sai gumi ya karyo masa, har ya rasa abin da zai ce wa yaransa. Wannan abu ya na da dalili a jikin ɗan Adam, ya na kuma da magani.

Likitoci su na kiran wannan tsoro kulostorofobiya. Sunan an haɗa shi ne da kalma biyu, ɗaya ta Latin mai ma'anar wurin da aka kulle, ɗaya ta Girkanci mai ma'anar tsoro, kuma wani likita a Paris, Benjamin Ball, shi ya yaɗa shi a shekarar 1879. Daga baya wani masanin halin ɗan Adam, Stanley Rachman, ya bincika al'amarin tare da abokin aikinsa, suka nuna a 1993 tsoro biyu ne a haɗe. Na farko tsoron iska za ta ƙare mutum ya shaƙe. Na biyu tsoron an tsare shi, ba shi da ikon fita sa'ad da ya ga dama. Wani ɗayan ya fi damunsa, wani kuwa duka biyun.

Bari mu ɗauki misali guda. A jihar Fulorida ta Amurka, a filin Epcot na kamfanin Disney, akwai wani wasa mai suna Mission: SPACE wanda aka buɗe a 2003, an yi shi don a kwaikwayi tafiya sararin samaniya. Mutum huɗu su kan shiga akwati ɗaya su zauna a jere, a sauko da ƙarfen tsaro bisa kafaɗunsu, a rufe ƙofa, sa'an nan allon da ke gabansu ya matso kusa da fuska. Daga nan sai a yi ta juya akwatin da sauri har mutum ya ji nauyinsa ya ninka sau biyu da rabi. Tun 2006 akwai sashe mai sauƙi wanda ba a juya shi haka, amma ku lura, akwatin bai sāke ba, ƙuncinsa ya na nan. Saboda haka sashen mai sauƙi ya na taimakon mai jiri ne, mai tsoron kulle kuwa sai ya yi wani shiri dabam.

To, mene ne ke faruwa a jikin mutum sa'ad da aka rufe ƙofar nan? A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai kamar ƙwayar gyaɗa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a na kiransa amigdala. Aikinsa kamar na mai gadi ne, ya kan yi kururuwa tun kafin hankali ya gama auna abin da ido ya gani. In ya yi kururuwa sai wasu 'yan kaluluwa da ke bisa ƙoda su zuba wani ruwa cikin jini, watau adiranalin. Nan da nan zuciya ta shiga bugawa da sauri, numfashi ya ƙaru, baki ya bushe, jini ya nufi manyan tsokoki. Wani malamin Jami'ar Harvard, Walter Cannon, ya bayyana wannan a 1915, ya nuna jiki ya na shiri ne ko a yi faɗa ko a gudu. In kura ce ta ɓullo, shirin nan shi ke ceton rai. Amma wanda aka ɗaure bisa kujera ba shi da abokin faɗa, ba shi da wurin gudu, sai ƙarfin nan duka ya tsaya masa a ƙirji.

Ga kuma wani abin mamaki. Mai tsoro ya kan ji kamar iska ta kāsa masa, alhali kuwa yawa ta yi masa. Da ya shiga haki, sai ya riƙa fitar da iskar kabon daga jininsa fiye da kima. In ta ragu, jijiyoyin jini na kai su kan ɗan tsuke, sai jiri ya zo, yatsu da leɓe su yi ta tsiktsik kamar a na tsira musu allura. Shi kuwa da ya ji haka sai ya ce lalle shaƙewa ce, ya ƙara haki, abin ya ƙara tsanani.

Mu yi ɗan lissafi don hankali ya kwanta. Akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne ya na ɗauke da iska lita 1,000. Kashi 21 cikin ɗari na iska oksijin ne, watau lita 210. Mutumin da ke zaune ya kan ci wajen rubu'in lita a minti ɗaya, cikin minti huɗu ke nan lita ɗaya. Ko tsoro ya ninka masa wannan, bai taɓa kome ba. Balle ma ba a toshe irin waɗannan akwatuna ba, a cikin na Epcot har fanka a ke sa wa mai hura iska a fuska. Haka kuma lifta ta manyan gidajen sama, ta na da kafofin iska ko da ta tsaya tsakanin bene da bene.

Yanzu ga abin da ya kamata mutum ya yi. Da farko ya san abin da zai shiga tun daga gida. A na samun majigin yawancin wasannin nan a intanet, sai ya kalla, ya kuma tambayi minti nawa a ke yi a ciki. Wasan Space Mountain, wanda aka buɗe a Fulorida a 1975, cikin duhu a ke yinsa, shi ya sa ya ke da ban tsoro, amma gudunsa bai wuce wajen mil 28 a sa'a ba, kuma cikin minti biyu da rabi an gama. Wanda ya san haka ya na iya ƙidaya lokacin a zuci, kuma wahalar da aka san iyakarta ta fi sauƙin ɗauka.

Na biyu, ya gaya wa ma'aikacin wurin halin da ya ke ciki tun ba a rufe ƙofa ba. Su na ganin irinsa kullum, kuma su kan nuna wa mutum hanyar fita in ya fasa. Sanin cewa da son ransa ya shiga ya kan rage tsoron tsarewa ƙwarai.

Na uku, numfashi. Ya ja iska ta hanci a hankali ya na ƙidaya huɗu, ya bar ciki ya taso, sa'an nan ya sake ta ta baki ya na ƙidaya shida. Fitarwar ta fi shaƙar tsawo, wannan shi ke mai da iskar kabon daidai, ya kuma sassauta bugun zuciya. Sai a koyi wannan a gida kwana da kwanaki, gama ba a koyon iyo ranar da jirgi ya kife.

Na huɗu, ya buɗe ido ya kafa shi gaba, ya saki kafaɗu, ya daina ƙanƙame ƙarfe. In tsoron ya taso kada ya yi kokawa da shi, ya ce a ransa adiranalin ne ke aikinsa. Firgita irin wannan ta kan kai ƙarshen ƙarfinta cikin 'yan mintuna, ta soma sauka da kanta.

Amma babban magani shi ne sabo. Duk sa'ad da mutum ya guje wa lifta ya hau matakala, sai ya ji sanyi a ransa, kuma sanyin nan shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa gudun ne ya cece shi. Ta haka tsoro ke yin jijiya. Wani likita haifaffen Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya wallafa hanyar warkar da tsoro mataki mataki a 1958, kuma likitocin yau su na aiki da abin da ya samo asali daga gare ta. Mutum ya kan fara da tsayawa a ƙaramin ɗaki ƙofa a buɗe. In ya saba sai a rufe ta minti ɗaya, sa'an nan minti biyar. Daga nan ya hau lifta bene ɗaya tare da wanda ya amince da shi, sa'an nan shi kaɗai. Ƙa'idar ita ce ya maimaita kowane mataki har ya ga abin da ya ke tsoro bai auku ba. A ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst ya nuna a na iya rage irin wannan tsoro ƙwarai cikin zama ɗaya na wajen sa'a uku a hannun gwani.

Kada wani ya ce ai wasa ne, in an bar shi an huta. Hakika ba wanda aka wajabta wa hawan jirgin wasa. Amma tsoron nan shi ne dai ke hana wani shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na London zuwa wurin aiki, shi ke hana wani hawa jirgin sama zuwa aikin Hajji ko ganin gida. Mafi muni, shi ke sa mara lafiya ya ƙi shiga na'urar hoton cikin jiki ta MRI, wadda faɗin raminta wajen ƙafa biyu ne, har ciwon da za a gano da wuri ya yi nisa.

Sauran gargaɗi biyu. Allunan da a ke kafawa a bakin wasanni masu ƙarfi, masu hana mai ciwon zuciya da mai hawan jini da mace mai ciki, ba maganar tsoro su ke yi ba, a bi su sosai. Wanda kuma ya ji ciwon ƙirji bai taɓa ji ba, ya ga likita, kada ya yanke wa kansa hukunci. Sa'an nan iyaye, kada ku tura yaro cikin akwati ya na kuka don wai ya zama namiji, kada kuma ku yi masa dariya gaban 'yan'uwansa. Ku bar shi ya tsaya ya kalli waɗanda su ke fitowa, in ya nemi shiga da kansa ku zauna kusa da shi.

Nan za mu tsaya yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.