Kafin Ka Sayi Madubin Kallon Tsuntsaye a Lome

Sana'ata gyaran kyamara da madubin hangen nesa a nan unguwar Hédzranawoé ta Lome, kuma idan sanyi ya shigo nakan bi masu ƙidayar tsuntsayen ruwa zuwa bakin tafki, ina kula musu da kayan aiki. Don haka matasan unguwa da sha'awar kallon tsuntsu ta kama, da masu son zama 'yan rakiyar baƙi, sukan biyo ta shagona kafin su sayi madubi. Kusan kowa da tambayar da yake zuwa da ita: "Malam, wanne ya fi jawo abu kusa?" Wannan tambaya ce ke cinye kuɗin mutane.

A jikin kowane madubi mai ido ɗaya za ka ga lambobi, misali 20-60x80. Na farkon suna nufin yana girmama abu daga ninki 20 zuwa ninki 60. Na ƙarshen faɗin gilashin gaba ne, milimita 80, kuma ta nan haske ke shiga. Raba 80 da 20, ka sami milimita 4: faɗin hasken da ke isa idonka ke nan. Murɗa shi zuwa ninki 60, hasken ya koma milimita ɗaya da 'yan kai, hoton ya dushe, filin da kake gani ya tsuke, tsuntsu na yin taku biyu ya ɓace maka. To ina ga wanda aka rubuta masa ninki 100 ko fiye a kan gilashi mai milimita 60? Wani malamin makaranta ya kawo mini irinsa cikin kwali mai ƙyalli, yana cewa in gyara masa, ba ya nuna komai sai duhu. Babu abin da ya lalace a ciki. Haka aka ƙera shi.

Ƙasarmu ma ba ta barin babban ninki ya yi aiki. Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna tare da mu ne daga wajen Satumba zuwa Afrilu, kuma ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda aka fara tun 1967, a tsakiyar Janairu ake yin ta, daidai lokacin da hazon hunturu ke saukowa har bakin teku. Da hantsi kuma yashi ya ɗau zafi, iska ta riƙa rawa a saman ruwa. Madubi ba ya zaɓar abin da zai girmama. Yadda ya girmama tsuntsu haka zai girmama ƙura da rawar iska. Yawancin aikinmu tsakanin ninki 20 da 35 muke yin sa. Sai da sassafe, iska na kwance, ake hawa sama.

Amma akwai wurin da madubi mai ido ɗaya ba shi da madadi. A Tafkin Togo ta wajen Agbodrafo, ko mashigar ruwa ta Aného, ko Tafkin Keta da ke ƙetaren Aflao a Gana, tsuntsaye kan taru can nesa a kan tsibirin yashi, kuma kana matsowa za su tashi. Balbela da zalɓe da kirinjijiya ko da ido kana gane su. Ƙananan masu kiwo a bakin laka kuwa, waɗanda bambancinsu tsawon baki ne ko launin ƙafa, sai da madubi. Cikin fararen tsuntsayen teku masu cin kifi akwai waɗanda aka sa wa zoben roba mai haruffa a ƙafa tun suna 'yan tsaki a Holan ko Ingila. Ranar da ka karanta haruffan nan daga nesa, ka aika, aka dawo maka da labarin inda aka ƙyanƙyashe tsuntsun, ranar za ka san abin da ka saya. Mai son tsuntsayen daji da na lambu kawai, irin na duwatsun Kpalimé, ya fara da madubi mai ido biyu, 8x42. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauƙin ɗauka. Togo na da nau'in tsuntsu sama da 600, kuma galibinsu da shi za ka gan su.

Abin da ya fi kawo madubai teburina shi ne laima. Iskar Lome jiƙaƙƙiya ce, ga gishirin teku, ga damina biyu a shekara. Madubin da ba a toshe shi da kyau ba yakan sha wannan iska, funfuna ta tsiro a jikin gilashi ta ciki. Idan an kawo da wuri ina iya buɗewa in goge. Idan ta daɗe, takan cinye shafen da ke kan gilashin, tabon ya zauna har abada. Saboda haka abu na farko da zan duba, kafin ninki, kafin sunan kamfani, shi ne ko an toshe shi da zoben roba an cika cikinsa da iskar nitirojin. Wanda aka ce yana jure yayyafi kawai bai wadatar ba a garin nan.

Sai gilashin kansa. Idan kuɗinka ya kai, nemi mai alamar ED, domin yana rage shuɗi-shuɗi da jaja-jajan da ke fitowa a gefen abu. Ƙaramin madubi mai milimita 65 da gilashi nagari ya fi mini babba mai 80 da gilashin banza, ga shi ba ya karya kafaɗa a kan babur. Masu gilashin gaba ja wur kamar jan alawa, da ake bazawa a bakin titi, ka bar su inda ka gan su. Na kuma fi son mai lanƙwasasshen wuya a kan miƙaƙƙe: dogo da gajere duk sa leƙa ba tare da an taɓa ƙafafun ba, abin da mai rakiyar baƙi ke buƙata ke nan. Mai sa tabarau ya gwada da tabaransa a fuska, ya tabbata yana ganin da'irar gaba ɗaya.

Batun kuɗi: manyan irin su Swarovski da Zeiss da Leica suna haura Yuro 2,000, wato fiye da sefa miliyan ɗaya da dubu 300. Ba da su ake farawa ba. Celestron da Opticron da Hawke da Vortex suna da na masu ƙaramin ƙarfi da ke aiki sosai, na 'yan ɗaruruwan Yuro, kafin kuɗin dako da na duwan. Duk abin da ka tanada, ware kashi ɗaya cikin uku don mazauninsa mai ƙafa uku. Mutane na raina wannan shawara, alhali iskar bakin teku ba ta tsayawa, kuma siririn mazauni na ɗaukar hoto da waya zai sa madubi mai tsada ya yi ta karkarwa har idonka ya yi ruwa. Nemi mai kauri, wanda kansa ke juyawa a hankali, ya tsaya inda ka tsayar da shi.

Kasuwarmu ta gwanjo an san ta da tufafi, amma cikin kayan da ke fitowa daga tashar jirgin ruwa jefi-jefi akan ci karo da tsohon madubi nagari. Kada ka biya sai ka gwada, ko mai kaya ya ɓata rai. Kunna fitilar wayarka, haska ta wajen ido, ka leƙa ta babban gilashi: idan ka ga zare-zare fari ya bazu, ko dishi-dishi a ciki, ajiye. Girgiza shi kusa da kunne, kada ka ji wani abu na motsi. Murɗa wurin saiti daga farko har ƙarshe, ka ji ko yana cijewa ko yana zamewa. Sannan fito waje, ɗora shi a kan wani abu tsayayye, ka auna wayar lantarki ta nesa inda sama ke da haske, ka ga yawan launin da ke bin gefenta. Karanta rubutun allon wani shago mai nisa a ninki 20, ka sake a 40. Haruffan su fito tsaf a tsakiya, su kuma karantu har kusa da gefe. Duba ramin kusar da ke ƙasansa ma, don idan ya cinye ba zai zauna a mazauni ba. Kada ka kuskura ka auna rana, ko na ƙiftawar ido, ka kuma gargaɗi yaran da za su taru a kanka.

A gida, kada ka rufe shi cikin jakarsa a ƙarƙashin gado. Ka dawo daga bakin teku, hure yashin tukuna kafin ka sa ƙyalle, don ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce gilashi. Goge jikinsa da tsumma mai ɗan danshin ruwan daɗi, bar shi ya sha iska, sannan ka sa shi a roba mai murfi tare da ƙullin tsakuwar nan mai shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, kana shanya ta lokaci-lokaci. Kuma tunda unguwarmu na maƙwabtaka da filin jirgin sama, kada ka kafa madubi yana fuskantar can, ko tashar jirgin ruwa, ko barikin soja. In za ka yi gwaji, juya masa baya, ka auna wani wuri.