Kwamfutar Shago Ta Birkice Bayan Sabuntawa

Anti, ina da shagon buga katin biki da kalanda a Zariya. Kwamfutata ta gwanjo ce, mai tsohon katin hoto na NVIDIA. Cikin dare ta sabunta kanta, da safe na tarar rubutu ya kumbura, hoto ya baje, CorelDRAW sai jan ƙafa yake. Mai gyara ya ce a goge komai a sake lodi, maigidana kuma ya ce in haƙura in sayi sabuwa. Ga aikin mutane a hannuna.

Ƙanwarki, daga Zariya

Ƙanwata, kada ki yarda a goge miki komai tukuna. Alamun da kika zayyana na direba ne, wato ƙaramar manhajar da Windows ke magana da katin hoto ta bakinta. Sabuntawar ta ture wanda ya dace da katinki, ta ɗora wani.

Buɗe Device Manager, ki duba ƙarƙashin Display adapters. In sunan katinki na nan, shiga Properties, sai Driver, ki danna Roll Back Driver. In kuma Microsoft Basic Display Adapter kika gani, to direban wucin gadi ne ke riƙe da allon, sai an sake sa na ainihi. Idan babbar sabuntawa ce ta Windows, kina da kwana 10 ki koma yadda kike ta Recovery.

Inda masu gyara da yawa ke tafka kuskure shi ne sauko da direba mafi sabunta. Tsohon kati yana da inda kamfani ya tsaya da shi. Yawancin katunan GTX 600 da 700, dangin Kepler, NVIDIA ta tsayar da su a kan jerin direba na 470 tun 2021, sabo ba zai hau kansu ba. Dangin GTX 900 da GTX 10 kuwa, jerin 580 ne na ƙarshensu. Saboda haka ki nemi lambar katinki daidai, ki sauko da nasa daga shafin kamfanin kansa. Ki guji manhajojin nan masu alƙawarin gyara duk direbobi da danna ɗaya, tallace-tallace da tarkace suka fi kawowa. In kin samu wanda ya zauna lafiya, adana shi a filash, ki ajiye a aljihun tebur.

Daga nan ki shiga Device installation settings ki zaɓi No. Wannan yana rage yadda Windows ke canza direba da kanta, ko da yake wani lokaci Windows kan yi kunnen ƙashi. Amma kada ki kashe sabuntawa gaba ɗaya, shagon da kowa ke zuwa da filash ɗinsa yana buƙatar kariya.

Maigidanki ma bai yi kuskure duka ba, gaggawa kawai ya yi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da katin da ke ɗaukar DirectX 12. Ki gama aikin mutane da wannan kwamfutar, ki fara adashen sabuwa a hankali, shi ma ya sa hannu tunda shi ya kawo shawarar.