Farfaɗo da Wanda Zuciyarsa Ta Tsaya: Mu Kai Maganar Gaban 'Yan Majalisa

Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi, ba ya motsi kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, wataƙila zuciyarsa ce ta tsaya. Cikin minti 4 zuwa 6 ƙwaƙwalwa za ta fara lalacewa saboda rashin jini. Ke nan kafin a nemo mota a iso asibiti, sau da yawa lokaci ya riga ya ƙure. Yayyafa ruwa da fifita ba sa tayar da zuciya, ɗura masa ruwa ko madara kuwa na iya shaƙe shi.

Abin da ya kamata a yi

A tura wani ya nemo taimako ko ya kira 112. A kwantar da mutumin rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora tafin hannu ɗaya bisa ɗaya a tsakiyar ƙirjinsa, a riƙa dannawa da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso. Wannan shi ne ma'aikatan lafiya ke kira CPR. Sai dai karantawa kaɗai ba ta wadatar ba, dole a koya da hannu a kan mutum-mutumin roba.

Me ya haɗa wannan da majalisa?

Doka ce ke sa koyarwar ta isa ga kowa. A ƙasar Denmak an wajabta ta a makarantun firamare a 2005, sannan ga masu neman lasisin tuƙi a 2006. Tsakanin 2001 da 2010, waɗanda na kusa da su suka danna wa ƙirji sun ƙaru daga kashi 21 zuwa 45 cikin 100. Tare da sauran gyare-gyare, masu rayuwa bayan kwana 30 sun tashi daga kashi 3.5 zuwa 10.8.

Irin waɗannan dokoki kuwa sai an matsa ake samunsu. A Amurka, zuciyar ɗan wasa Damar Hamlin ta tsaya a fili a Janairun 2023, aka ceto shi nan take. Da ya warke, ya je majalisar dokokin ƙasar ya nemi a taimaka wa makarantu. A Disambar 2024 aka sa hannu kan dokar da ta tanadi tallafa musu da horo da kuma na'urar tayar da zuciya da lantarki.

Abin da za ku iya yi

1. Ku san ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarku da inda ofishinsa yake.
2. Ku je a ƙungiyance: iyayen yara, 'yan kasuwa, direbobi, matan unguwa, limamai da fastoci.
3. Ku rubuta buƙatarku a shafi guda, ku riƙe kwafi. Ku nemi a koyar da danna ƙirji a makarantun sakandare da tashoshin mota, a kuma riƙa awon jini kyauta a asibitocin sha-ka-tafi, musamman ga mata masu ciki.
4. Idan majalisa ta kira zaman sauraron ra'ayin jama'a, ku halarta ku yi magana.
5. Bayan wata guda ku koma ku tambayi inda aka kwana.

Idan kun zo asibiti, ku tambayi ma'aikaciyar jinya inda za ku koya. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.