Tafiyar Ayari da Tafiyar Kaɗaici a Kan Babur: Nazarin Harshe da Al'ada

1.0 Gabatarwa

Babur ya zama ƙafar mafi yawan jama'a a ƙasar Hausa. Da shi manomi yake zuwa gona, da shi ake kai mara lafiya asibiti, kuma da shi ɗalibin kwalejin ilimi yake zuwa ƙauyen da aka tura shi koyarwar gwaji. Wani lokaci mutum yakan hau shi kaɗai, wani lokaci kuma a tafi a cikin taro. A wannan darasi za a yi ƙoƙarin kwatanta waɗannan hanyoyin tafiya guda biyu ta fuskar harshe da al'ada da kiyaye lafiya. Abin da ake son fitarwa shi ne, yawan matafiya ba ya tsare su sai in akwai tsari a tsakaninsu, kuma harshen Hausa da kansa ya bambanta taro mai tsari da mara tsari.

2.0 Manufar Darasi

Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya:

i. bambanta ma'anonin kalmomin da suka shafi tafiya a cikin taro;
ii. bayyana tsarin ayarin fatake da alaƙarsa da ayarin babura;
iii. kawo amfani da illar kowace irin tafiya;
iv. shirya darasin insha'i ko muhawara a kan wannan batu.

3.0 Shigowar Babur da Kalmominsa

Tun zamanin Turawa aka san babur a ƙasar Hausa, amma bai yawaita a hannun ma'aikata ba sai bayan ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da Honda da Yamaha da Vespa suka cika tituna. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya haifar da sana'ar acaɓa, wadda ake kira kabu-kabu a wasu wurare, musamman a Jamhuriyar Nijar. Daga baya babura masu sauƙin kuɗi na ƙasashen Sin da Indiya, irin su Jincheng da Bajaj, suka kai shi har ƙananan ƙauyuka.

Harshe ya karɓi wannan baƙo ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce aro, kamar mashin da birki da giya da totur da sigina daga Ingilishi, da moto daga Faransanci a Hausar Nijar. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar tsofaffin kalmomi. Alal misali, hawa ya taso daga kan doki zuwa kan babur, goyo ya taso daga uwa da ɗanta zuwa mai babur da wanda ya ɗauka, yayin da hular kwano ta samu ta hanyar harɗa kalmomi biyu. Wannan faɗaɗa ma'ana ita ce ta shafi kalmar ayari.

4.0 Kalmomin Tafiya a Cikin Taro

A dubi waɗannan jimloli:

(a) Ayarin masu babura ya sauka a Funtuwa.
(b) Jerin gwanon babura ya raka amarya.
(c) Kwambar gwamna ta wuce da babura a gaba.
(d) Gungun masu babura ya shiga ƙauyen.

Dukkan jimlolin suna magana a kan babura masu yawa, amma hoton da kowace take kawowa a zuciyar mai sauraro daban ne. Ayari yana ɗauke da ma'anar doguwar tafiya da shugabanci da manufa ɗaya. Jerin gwano, wanda aka ɗauko daga yadda ƙwaron gwano yake tafiya ɗaya bayan ɗaya, yana nuna siffar layi kawai, bai ce komai game da shugaba ba. Kwamba kalmar aro ce daga Ingilishi, kuma an fi jingina ta ga motocin hukuma da manyan mutane. Gungu kuwa taro ne da ba a san tsarinsa ba, kuma saboda yawan zuwansa tare da ɓarayi da 'yan bindiga a kafafen yaɗa labarai, ya ɗauki ƙanshin tsoro. Wanda ya ji jimla ta (d) ba zai yi zaton alheri ba.

A ɗaya ɓangaren, Hausa tana da shi kaɗai da shi ɗaya da tilo da kaɗaici. Kalmar kaɗaici musamman tana ɗauke da ma'anar rashi, wato halin da ake tausaya wa mai shi. Wannan ya yi daidai da al'adar rakiya, inda mai gida yake taka wa baƙonsa, da kuma koyarwar Musulunci da ta umarci matafiya uku su naɗa ɗaya daga cikinsu shugaba. Ke nan Bahaushe ya gaji fifita tafiyar taro, amma taron da yake da jagora.

5.0 Ayarin Fatake a Matsayin Ma'auni

Kafin zuwan mota, fatake sukan tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, domin sayo goro. Tafiyar takan ɗauki watanni, ta ratsa dazuzzuka da ƙasashen sarakuna masu karɓar kuɗin fito. A 1826 matafiyin nan Bature, Clapperton, ya tarar da irin wannan ayari a Kaiama ta ƙasar Bargu, da mutane fiye da 1,000.

Taro mai yawa haka bai yiwuwa sai da tsari. Madugu shi ne shugaba, shi yake yanke lokacin tashi da wurin yada zango, shi yake sasantawa da sarakuna. Jagaba yana gaba domin ya san hanya. Ana tafiya gwargwadon ƙarfin dabbobi da masu ɗaukar kaya, kuma ba a barin kowa a baya. Daga nan za a iya fitar da sharuɗɗa huɗu na ayari: shugaba, da sanin hanya, da zango, da kula da mai rauni. Da waɗannan sharuɗɗa za a auna tafiyar babura.

6.0 Tafiyar Ayari a Kan Babur

6.1 Amfaninta

Direban mota ya fi saurin hango babura biyar a jere fiye da guda ɗaya. Idan taya ta yi faci ko mai ya ƙare a tsakiyar daji, akwai mai taimako. Idan haɗari ya auku, akwai mai kai wanda ya ji rauni asibiti da mai sanar da 'yan'uwa. Saboda haka ne 'yan kasuwar ƙauye da malaman makaranta sukan jira juna a bakin gari su ɗauki hanya tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6.2 Illarta

Haɗarin ayari yana zuwa daga cikinsa ne. Na farko shi ne matsatsi. Babur da yake gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, kuma mahayi yana buƙatar kimanin daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin ya ga haɗari ya taka birki. Wanda ya bi na gabansa da tazarar mita biyar zai afka masa kafin ƙafarsa ta motsa. Na biyu shi ne miƙewar layi: idan na gaba ya ƙara wuta kaɗan, na tsakiya sai ya ƙara fiye da haka domin ya cim masa, na ƙarshe kuwa sai ya yi gudun da ya fi na kowa. Galibi kuma wanda bai ƙware ba shi ake bari a ƙarshen. Na uku shi ne kallon bayan na gaba maimakon kallon hanya, har mutum ya faɗa ramin da na gaban ya kauce wa, balle a hanyar burji inda ƙura take rufe ido. Na huɗu shi ne zuga. Matashin da yake tuƙi da natsuwa idan shi kaɗai ne, yakan saki hannu ko ya ɗaga tayar gaba idan abokansa suna kallo.

Rakiyar amarya a wasu garuruwa ta tara duk waɗannan illoli: goyon mutum uku ko huɗu, ga tserere, ga rashin hular kwano, ga shi ba wanda ake jin maganarsa. Wannan jerin gwano ne da ya rikiɗe ya zama gungu. Idan aka auna shi da sharuɗɗan ayari guda huɗu, ba ya cika ko ɗaya.

6.3 Tsarin da Ya Dace

Masu koyar da tuƙin babur sun tsayar da ƙa'idoji da suka yi kama da na fatake. Kada ayari ya wuce babura biyar zuwa bakwai. In an fi haka a kasu. A sa ƙwararre a gaba, wani ƙwararren a baya, sabon hannu kuma ya bi bayan jagora. A miƙaƙƙiyar hanya a yi jerin saɓani, wato na farko a gefen hagu na layinsu, na biyu a gefen dama, na uku a hagu, ta yadda kowa zai bar tazarar daƙiƙa biyu, kimanin mita 33 a gudun kilomita 60, tsakaninsa da wanda yake daidai gabansa. A kwana da gada da hanya mai ramuka a koma ɗaya bayan ɗaya. A yanke wuraren tsayawa kafin tashi, domin wanda aka bari a baya ya san inda zai iske sauran ba tare da ya yi ganganci ba.

Mai nazarin harshe zai lura cewa ƙarar inji da iska suna hana jin magana, don haka mahaya suke komawa ga ishara: nuna rami da hannu ko ƙafa, da karkaɗa tafin hannu ƙasa domin a rage gudu. Ishara, kamar kalma, ba ta da amfani sai an yi yarjejeniya a kan ma'anarta, kuma dole kowa ya miƙa ta ga na bayansa.

7.0 Tafiyar Kaɗaici a Kan Babur

Mai tafiya shi kaɗai shi ne madugun kansa. Yana gudu gwargwadon iyawarsa, yana tsayawa idan ya gaji, kuma idonsa yana kan hanya. Ba mai zuga shi, ba kuma wanda kuskurensa zai kayar da shi. A cikin gari da gajeriyar tafiya wannan ya fi sauƙi.

Sai dai duk abin da ya same shi nasa ne shi kaɗai. Direbobi ba su cika ganinsa ba, musamman a mahaɗa da lokacin almuru. Idan ya faɗi a hanyar da ba jama'a, yana iya daɗewa ba a sani ba, kuma masu ƙwacen babur shi suka fi nema. Don haka ya wajaba ya ɗauki nauyin da ayari yake rabawa: ya duba taya da birki da fitila da mai, ya faɗa wa wani inda za shi da lokacin da zai isa, ya guji tafiyar dare, ya sa hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanyawa a ranar 1 ga Janairu, 2009.

8.0 Sauyin Ma'ana Saboda Matsalar Tsaro

Abubuwan da suka faru a ƙasar Hausa sun taɓa yadda ake kallon taron babura. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin birni. A Nijar an hana hawan babur a yankin Diffa a 2015, da wasu sassan Tilaberi a 2020. Waɗanda suka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020 a kan babura suka zo, kuma a 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Kaduna sun taƙaita zirga-zirgar babura. A ƙauyukan da abin ya shafa, ƙarar babura masu yawa da a da take nuna biki, ta koma alamar a gudu. Matafiyan kirki ma sai sun san dokar yankin da za su shiga, sun kuma sanar da zuwansu, domin kada a ɗauki ayarinsu a matsayin gungu.

9.0 Dabarun Koyarwa

Malami zai iya amfani da wannan batu ta hanyoyi uku. A darasin ma'ana, ya ba ɗalibai jimlolin sashe na 4.0 su musanya kalmomin su faɗi abin da ya sauya. A darasin insha'i, su rubuta kwatanci mai sakin layi huɗu. A darasin muhawara, a ba ɓangare ɗaya "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi", ɗaya kuma "wake ɗaya shi ke ɓata gari", kowa ya kare nasa da misalan garinsu. Ya kamata malami ya tuna cewa wasu daga cikin ɗalibansa su ne suke raka amare, wasu kuma sun rasa 'yan'uwa a hanya, don haka a yi darasin da natsuwa.

10.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa kowace tafiya tana da ranarta. Doguwar hanya mai daji ta fi son ayari, gajeriya kuma mai tafiya shi kaɗai ya wadatar. Taron da ba shi da shugaba da tazara da zango ya fi kaɗaici haɗari, domin ya tara kurakuran mutane da yawa a wuri ɗaya.

11.0 Auna Fahimta

1. Bambanta ayari da jerin gwano da gungu, tare da misali a cikin jimla.
2. Kawo kalmomin aro uku da kalmomi biyu da ma'anarsu ta faɗaɗa saboda babur.
3. Me ya sa na ƙarshen ayari yakan fi kowa gudu?
4. Auna rakiyar amarya ta garinku da sharuɗɗan ayari guda huɗu.
5. Shirya darasin muhawara na minti 40 a kan wannan batu domin aji biyu na ƙaramar sakandare.